Shekara Tara a Bencin Baya

A cocinmu na Kalgo akwai wani benci a can baya, dab da ƙofa, wanda ba ya cikin layin sauran. Gajere ne, mutum uku yake ɗauka, kuma ba shi da majingini. Bencin horo muke ce masa. Duk wanda dattawan coci suka samu da laifi, a nan yake zama har wa'adinsa ya cika. Zai ji wa'azi, zai yi waƙa tare da mu, amma ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a Lahadin farko ta kowane wata. In kuwa ya mutu yana cikin horo, ba a shigo da gawarsa coci.

Mutumin da ya ƙera bencin nan da hannunsa ya zauna a kansa shekara tara, kuma ni na zaunar da shi. Ya daɗe da mutuwa. Ɗiyarsa tana nan da rai a Gwandu, kuma gafararta nake nema tun da Allah ya buɗe mini ido.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Na gama firamare a ƙasarmu ta wajen Zuru, na yi 'yan watanni ina koyon wa'azi, daga baya aikin malamin gona ya kawo ni Kalgo. Mu Kiristocin garin a lokacin ba mu da yawa, kuma galibinmu baƙi ne: malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti da iyalansu. Ba mu da fasto namu na kanmu. Daga Birnin Kebbi ake turo mana wani sau ɗaya a wata domin Jibi. Sauran Lahadin ni ke tsayawa a gaba, shi ya sa kowa yake ce mini Malam.

Wa'azina ɗaya ne, ko da na canja masa riga: ranar shari'a. Na iya shi ƙwarai. In na fara kwatanta yadda za a ware mutane dama da hagu, ko tari ba a yi. Ina da dalilina. Muna zaune cikin Musulmi, mutane masu kiyaye salla da azumi, ina kuma jin kunyar a ce addininmu na sakaci ne, a yi zunubi ranar Asabar a sha gafara ranar Lahadi. Na ɗauka in na yawaita maganar jinƙai, mutanena za su sangarce. Don haka nake taɓa ta kaɗan a ƙarshen wa'azi, kamar mai barbaɗa gishiri.

Shugabar zumuntar mata, wata dattijuwa da ba ta tsoron kowa, takan tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, yau ma wutar ce? Mun baro wuta a murhu, mun zo nan ma wuta?"

"Mama, wanda ya ji zafi shi ya san abin da ya aikata."

"To Allah ya kai mu ranar da za ka ba mu ruwa," in ji ta, ta gyara ɗankwali ta wuce.

Kafintan da ya ƙera bencin kuwa mutumin garinmu ne na wajen Zuru, mun san juna tun muna yara. Yana da i'ina mai tsanani. In magana ta maƙale masa, sai jijiyoyin wuyansa su tashi, ya riƙa buga ƙafa a ƙasa har ta fito. Tsakaninsa da mutum ɗaya yakan yi hira har da barkwanci, a hankali. Amma da zarar idanu sun yi masa yawa, shi ke nan, bakin ya kulle. Abin mamaki, in waƙa ce ba ya i'ina ko kaɗan, kuma muryarsa ce ke riƙe da ɓangaren maza.

Shi ya yi mana bencinan coci duka. Ranar da na ce ya yi wani gajere marar majingini domin masu horo, ya ajiye zarto ya dube ni.

"M-malam, su masu zunubin ba su da b-baya ne?"

Na yi dariya na ce, "In ka sa majingini, ba za su so tashi ba."

Shi ma ya yi dariya. Ya yi bencin da katako mai kyau, ya goge shi sumul, don ya ce kada ƙusa ta yaga wa wani zane a kan baƙin cikin da yake ciki.

Wata damina ɗiyarsa ta fari, tana da shekara huɗu, ta kamu da zazzaɓi mai zafi har tana sandarewa. Sun kai ta asibiti, an yi allura, an ba da magani, suka dawo gida jiki bai sauka ba. Maƙwabcinsu wani tsohon malamin allo ne, katanga ɗaya ta raba su. Da ya ji kukan uwar, sai ya shigo da rubutu a ƙwarya, wato ayoyin da ake rubutawa a allo a wanke a sha. Ya ce a ba yarinya, Allah shi ke warkarwa. Kafinta ya karɓa ya ɗura mata. Bayan kwana biyu ta tashi ta nemi fura.

Ko allurar ce ta yi aiki a makare, ko me, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne matarsa ta ba da shaidar godiya a taron mata, da zuciya ɗaya, ta ambaci ƙwaryar maƙwabci a ciki. Kafin la'asar magana ta iso kunnena.

Mu dattawa uku muka zauna. Na ce wannan raba zuciya ne, ya nemi taimako a wajen da bangaskiyarmu ba ta aike shi ba. Har yau ba zan ce wa Kirista ya yi abin da ya yi ba. Amma ban tambaye shi abin da uba yake ji in ɗiyarsa ta sandare a hannunsa ba, alhali ni ma ina da 'ya'ya. Muka yanke masa wata shida. Da na sanar ranar Lahadi, ya tashi da kansa ya koma baya, ya share bencin da tafin hannu ya zauna.

Yadda muke sakin mutum daga horo shi ne, in wa'adi ya cika, a Lahadin Jibi, sai a kira shi gaba. Zai fuskanci jama'a, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya roƙi gafara. Fasto ya ba shi hannu, a ɗauki waƙa, ya koma mazauninsa. Ban taɓa ganin inda aka rubuta cewa sai da baki ba. Haka muka tarar ana yi a gida, haka muka kawo shi Kalgo.

Wata shida suka cika, na kira shi. Ya zo gaba cikin farar rigarsa, ya juyo. Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito sai iska. Ya buga ƙafa, ya sake bugawa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wani a tsakiyar coci ya kasa riƙe dariya, wasu suka taya shi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuyar da kai ya koma bencinsa.

A nan ne na yi maganar da ta fi komai muni a rayuwata. Na ce, "Jama'a, kun gani. Wanda zuciyarsa ta tuba da gaske, bakinsa ba ya kullewa." Na san yana da i'ina tun muna yara. Amma jimlar ta zo mini da daɗi, na ga ta kama mutane, na sake ta.

Ranar Talata da rana ya same ni a gida ina gyaran buhunan shinkafa a zaure. Ya cire hula ya durƙusa, shi da muke sa'o'in juna. Ya faɗi komai daga farko har ƙarshe. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, yana tsayawa yana kamawa, amma bai bar ko kalma ɗaya ba. Ya ce tsoro ne ya kama shi, ya yi kuskure, yana roƙon Allah da ikilisiya, wato jama'ar coci, su gafarta masa.

Na ce, "Na ji. Amma ai ba ni ka yi wa laifi ba. Ka maimaita haka a gaban jama'a."

Matarsa ta zo ta ce a bar ta ta faɗa a madadinsa, tunda bakinta ne ya jawo. Na ce kowa da nasa kayan zai tsaya a ranar shari'a. Shugabar mata ta zo, ko zama ba ta yi ba.

"Malam, mutumin nan in waƙa ce ba ya tuntuɓe. Ka bar shi ya rera tubansa mana."

"Mama, coci ne, ba gidan biki ba."

"To ya rubuta a takarda, wani ya karanta."

"Furci da baki ake yi."

"Bakin, wa ya halicce shi? Kai ko Allah?" Ta tsaya tana kallona. "Ɗana, ka ji tsoron wanda kake tsoratar da mu da shi."

Fasto da na gaya masa, sai ya ce, "Kai ka san mutanenka." Shi sau ɗaya yake zuwa a wata, yana sauri ya kama mota. Aka canja shi, aka kawo wani, shi ma ya tarar da mutum a bencin baya kamar yadda ya tarar da taga da ƙofa.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni sassautawa. A da ina cewa tsarkin ikilisiya nake karewa. Gaskiyar ita ce na riga na yi magana a gaban mutane, ina jin nauyin janye ta. Akwai kuma abin da ya fi wannan ƙazanta. Zamansa a can yana yi wa wa'azina amfani. In ina maganar hukunci, ba sai na nuna da yatsa ba, kowa ya san inda zai saci kallo.

A shekara ta uku ya samu aikin rufin kwano a Gwandu, ya kwashe iyalinsa suka koma. Akwai 'yan'uwa masu taruwa a can, amma ba a karɓar baƙo a teburin Jibi sai da takardar shaida daga cocin da ya baro. Ya turo matarsa neman takarda. Na rubuta gaskiya kamar yadda na fahimce ta: yana cikin horo, bai furta ba. Takardar ta rufe masa waccan ƙofar ma.

Sai ya riƙa zuwa Kalgo kowace Lahadin farkon wata. Ya fito da sassafe, ya shiga bas zuwa Birnin Kebbi, ya sake wata motar. Ya sake gwada tsayawa a gaba sau biyu, bai iya ba. Daga nan ya daina gwadawa. Zai zauna a baya, ya yi waƙa da dukan muryarsa, in an zo raba gurasa ya ɗora hannuwa a kan gwiwa ya rufe ido. Yakan zo da 'yar guduma da ƙusoshi a jaka. In an tashi, ya bi bencinan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fara lilo ya ɗaure shi. Mukan gaisa. Yakan tambaye ni gona da yara.

A shekara ta tara ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, ya rasu. Matarsa ta aiko a tambaye ni ko za a kawo shi coci a yi masa waƙa ko da ɗaya. Na ce ƙa'ida ba ta yarda ba, amma zan zo in yi addu'a a bakin kabari.

Da na isa Gwandu da hantsi, na tarar maƙwabtansa Musulmi sun riga sun haƙa kabarin a inda ake binne Kiristoci, a bayan gari. Sun tsaya gefe da faretani a hannu, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Wani dattijo a cikinsu ya matso ya ba ni hannu.

"Malam, kai ne limaminsu na Kalgo?"

Na ce ni ne.

"Sannunmu da rashi. Wanga bawan Allah, tun da munka zauna da shi ko akuya ba ta kai ƙara tai ba. Munka ji an ce ba a kai shi ɗakin ibadarku. Mi yay yi muku haka?"

Na ce maganar cikin gida ce. Ya kaɗa kai ya ce Allah ya sa ya huta, ya koma cikin 'yan'uwansa.

Ko a nan ban saduda ba. Na tsaya a bakin ramin na yi wa'azin mutuwa mai zuwa ba sallama, na ce kowa ya gyara tsakaninsa da Allah tun ƙofa tana buɗe. Ɗiyar, wadda aka ba rubutu, tana da shekara goma sha uku a lokacin. Ba ta yi kuka ba. Ta kafa mini ido tun da na fara har na ce amin.

Na ci gaba da wa'azi shekaru masu yawa bayan haka. Shugabar mata ta rasu, matar kafinta ma ta bi mijinta. Muka samu fasto namu, na koma cikin dattawa ina ba da shawara. Shekara biyu da suka wuce, ina cikin gona, ɓarin jikina na dama ya shanye. Ƙafa da hannu sun ɗan dawo. Harshe ne ya ƙi. Wata uku ina kwance, magana tana nan cikakkiya a kaina, in na buɗe baki sai gurnani. Ina so in ce a ba ni ruwa, jikokina suna tambayata ko fitsari nake ji. A kan tabarmar nan na gane abin da ya faru a gaban coci ranar da ya tsaya cikin farar riga. Tubansa yana nan duka a cikinsa, ina tsaye kusa da shi ina ce wa mutane babu.

Wasu sun ce hukuncin Allah ne ya same ni. Faston da muke da shi yanzu, wanda bai kai babban ɗana shekaru ba, ya ce jinƙai ne, tunda an nuna mini tun ina da rai. Na daɗe ina juya maganar. Dukan rayuwata na ɗauka hukunci da jinƙai abokan gaba ne, in ka ƙara wa ɗaya sai ka rage wa ɗaya, kuma aikina shi ne in tsare wa hukunci rabonsa. Ga shi ciwo ɗaya ya zo mini da su biyun, na kasa raba su. Na kuma tuna abin da ni kaina na sha koyarwa ba tare da na ji shi ba, cewa a kan gicciye hukuncin ya sauka, kuma wanda ya ɗauke shi ne yake kiran masu laifi su zo su ci. Teburin nasa ne. Ni aka ce in raba, na mayar da kaina mai gadi.

Da na fara iya haɗa kalmomi, na sa aka kai ni Gwandu. Ɗiyar kafinta yanzu babbar mace ce, tana ɗinki a wata rumfa kusa da kasuwa, tana da 'ya'yanta. Ta gane ni nan take. Ta sauko daga kan keken ɗinki ta rusuna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa.

"Baba, sannu da hanya. Ya jiki?"

Na fara abin da ya kawo ni. Kalmomin suna fitowa a karkace, miyau yana zubo mini, ina sharewa da hannun riga. Ba ta katse ni ba, ba ta ƙarasa mini jimla ba. Ta saba jiran mai magana. Da na gama, ta dubi zaren da ke hannunta.

"Baba, kun san abin da na girma da shi? Cewa ni ce zunubin babana. In ina ganinsa yana shirin tafiya Kalgo, sai in ce da na mutu a zazzaɓin nan, da yanzu yana zaune a gaba."

Ta ci gaba.

"Kullum in yana aiki shi kaɗai yana maimaita abin da zai faɗa a coci. Na haddace shi tun ina ƙarama. Ko yanzu zan iya karanta muku." Ta ajiye zaren. "Ni tun ranar da aka binne shi ban sake karɓar Jibi ba. Ina zuwa coci saboda yara. In an zo rabawa, sai in fita."

Na ce ta yafe mini.

"Abin da kuka yi mini, Baba, ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Ban kai ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba."

Na gaya mata cewa Lahadin farkon wata zan furta laifina a gaban ikilisiyar Kalgo, ina so ta zo ta ji an wanke sunan mahaifinta.

"Da wannan bakin za ku faɗa?"

Na ce na rubuta a takarda da hannun hagu, fasto zai karanta.

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ta yi mini a bakin kabari.

"Ashe ana iya karanta wa mutum," in ji ta.

Ta raka ni har inda mai babur yake jira, ta riƙe mini sanda na hau. Ta ce in gaida gida.

Ranar Lahadin na zo da wuri na zauna a bencin baya. Ba wanda ya sa ni. Har yanzu ba ya lilo. Fasto ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, har da jimlar da na yi a kan bakin da ba ya kullewa. Yawancin waɗanda ke cocin ba su san kafinta ba, sai tsofaffi uku ko huɗu, ɗaya a cikinsu yana daga waɗanda suka yi dariya a ranar. Duk lokacin da inuwa ta gitta a ƙofa sai in waiga. Ba ta zo ba.

Da aka zo Jibi, na ɗora hannuwa a gwiwa na yi niyyar in bar shi ya wuce ni. Na ga bai kamata in ci abin da na hana mutumin da ya fi ni ba. Sai fasto ya gama da layin gaba, ya ɗauko gurasa da ƙoƙo ya biyo tsakiyar coci. Ya tsaya a gabana.

"Baba, karɓi."

Na girgiza kai.

"Ba naka ba ne da za ka hana," ya ce a hankali, "ko da kanka ne."

Na karɓa. Kaɗan daga ƙoƙon ya zube mini a riga. Ban ji sauƙin da nake tsammani ba. Yayin da yake komawa, na bi ƙafafunsa da ido daga bencin har teburi. Taku goma sha huɗu ne.